Magudi ake yi a NFL ko kuwa alƙalan ne basu iya ba?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace shi bai daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, waccan mai hular kwano da ake ɗauka da hannu, amma duk inda ya leƙa sai ya tarar ana faɗa, wasu na cewa alƙalai sun saida wasa musamman in Kansas City Chiefs ke bugawa, wasu kuma na zagin hukumar NFL, wato mai gudanar da babbar gasar wasan, wai ɗan wasa zai yi ɗanyen aiki a dakatar dashi wasa biyu kacal, wani yayi abinda bai kai ya kawo ba a kore shi shekara guda. Yace shin da gaske magudi ake ko surutun magoya baya ne kawai?

Toh ɗan'uwa, magana biyu ce ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma yawancin masu gardamar ma haka suke cakuɗa su shiyasa basa taɓa gamawa. Akwai alƙalan da ke cikin fili masu riga mai ratsin baƙi da fari, akwai kuma ofishin hukumar a New York da ke yanke hukuncin ladabtarwa. Ni a nawa ganin alƙalan fili sun fi cancantar uzuri nesa ba kusa ba, ofishin ne ya kamata a matsa wa lamba, amma abin haushi su alƙalan su suka fi shan zagi.

Ka fara gane yadda aikin yake tukuna. Alƙalai 7 ne a fili, shugabansu shine mai farar hula wanda ke kunna makirfo ya sanar da laifi, 'yan wasa kuma 22, manyan ƙarti wasu sun haura kilo 140, kuma kowane taku na wasan daƙiƙu kaɗan ne an gama an sake jeruwa. Babu katin gargaɗi ko jan kati irin na ƙwallon ƙafa, ƙyalle ne mai ruwan ɗorawa alƙali ke jefawa ƙasa, sai a ja ƙungiyar da tayi laifi baya da yadi 5 ko 10 ko 15, in abin yayi muni a kori ɗan wasa. Matsalar itace dokar riƙo misali, wato ka cafke rigar abokin hamayya ko ka rungume shi, duk wanda ya san wasan zai gaya maka kusan kowane taku sai ka samu wani ya ɗan riƙe wani a layin gaba, da za'a bi doka ƙeƙe da ƙeƙe wasa ɗaya sai ya kai asuba ba'a tashi ba, dan haka dole alƙali ya zaɓi wanne ne ya kai a jefa ƙyalle wanne ne za'a kauda kai, kuma daga wannan zaɓin duk rigimar take tasowa, domin duk wanda aka hura wa zai iya ciro maka bidiyon guda biyar irinsa da ba'a hura ba, kuma gaskiyarsa ne. Sannan ga wani abu da mutane ke mamaki in sun ji, alƙalan nan ba aikinsu na dindindin bane, da yawa suna da sana'arsu a gefe, Ed Hochuli da ya shahara sosai lauya ne.

In an ce alƙali ya cuce mu, sau da yawa in ka bincika doka ce marar kan gado alƙalin ya bi. Ranar 19 ga Janairun 2002 ana zuba dusar ƙanƙara, New England Patriots da Oakland Raiders, saura ƙasa da minti biyu Raiders na gaba, Charles Woodson na Raiders ya daki Tom Brady, mai jefa ƙwallon Patriots, ƙwallo ta suɓuce Raiders suka danne, kowa yace shikenan wasa ya ƙare. Alƙali Walt Coleman yaje ya duba bidiyo ya dawo yace a'a, akwai wata doka da tace in hannun mai jefawa ya fara tafiya gaba, ko da yana ƙoƙarin maido ƙwallon jikinsa ne ta faɗi, jifa ce da bata isa ba, ba suɓucewa bace. Patriots suka ci gaba da riƙe ƙwallo, suka rama, suka ci 16 da 13 a ƙarin lokaci, daga nan suka ɗauki kofinsu na farko. Mutanen Raiders har gobe basu yafe ba, amma Coleman abinda ke rubuce ya karanta, dokar ce banza kuma sai 2013 aka soke ta. Haka na Dez Bryant na Dallas Cowboys a Janairun 2015 a gidan Green Bay, duk mai ido yaga mutum ya cafe ƙwallo ya taka ƙasa ya miƙa hannu, amma dokar lokacin tace in kana faɗuwa dole ka riƙe ta har ka gama faɗuwa, ita kuma ta motsa da ta taɓa ƙasa, aka soke. A 2018 aka gyara dokar.

Amma fa kar kace ina wanke su tas. Akwai wanda babu wani bayani da zai goge shi, kuma shine na New Orleans ranar 20 ga Janairun 2019, wasan da duk wanda ya ci zai tafi Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi. Saints da Los Angeles Rams, 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu, New Orleans Saints ɗin sun zo dab da gidan Rams. Drew Brees na Saints ya jefa wa Tommylee Lewis ƙwallo ta gefen dama, tun ƙwallon na sama bata iso ba Nickell Robey-Coleman na Rams ya sheƙo da gudu, ko juyawa bai yi ya kalli ƙwallon ba, ya haɗa masa da hular kwano ya watsar dashi. Laifi biyu ne a lokaci ɗaya, tare mai karɓa kafin ƙwallo ta iso, da kuma dukan kai da kai. Shi kansa Robey-Coleman in ka kalli bidiyon zaka ga ya miƙe yana waige waige yana neman ƙyallen, saboda ya san me yayi, kuma bayan wasa bai musa ba. Ga alƙalai a kusa, ba wanda ya jefa komai. Da an hura, Saints sai su cinye lokaci kusan duka su buga ƙwallo da ƙafa su ci maki uku su tafi abinsu, amma sai ya zamana sun buga maki ukun da sauran lokaci, Rams suka rama, aka shiga ƙarin lokaci Rams suka ci 26 da 23. Kocin Saints Sean Payton yace daga tashi wasa ofishin alƙalai sun amsa masa cewa kuskure ne, daga baya ma aka ci Robey-Coleman tara ta dala 26,739 akan dukan kan, wato hukumar da kanta ta hukunta laifin da alƙalanta suka ce basu gani ba. Wasu magoya baya har kotu suka je, ba abinda ya fito.

Abinda ya biyo baya shine darasin da nake so masu cewa a duba komai a bidiyo su riƙe. A kakar 2019 aka ce toh yanzu koci na iya jefa jan ƙyallensa na ƙalubalantar hukunci a duba irin wannan laifin a bidiyo. Wallahi abin ya zama abin dariya, koci zai ƙalubalanci abinda kowa ya gani ƙarara a dawo ace hukunci na nan yadda yake, har kociyoyi suka daina ɓata ƙyallensu, shekara ɗaya tak aka yi aka watsar da dokar. Duk wanda ke kallon Firimiya ya san wannan ciwon da VAR, na'ura tana iya gaya maka ƙafa ta taka layi ko bata taka ba, amma bata iya gaya maka ko turin nan ya kai laifi, nan dole sai ra'ayin mutum, kuma in ka rage gudun bidiyo kowace taɓawa sai ta zama kamar kisan kai.

Masu cewa a kori alƙalan duka a kawo wasu kuma, an taɓa gwadawa ai. A 2012 hukumar ta samu saɓani da ƙungiyar alƙalai akan kuɗi, ta ɗauko na wucin gadi daga ƙananan gasanni. Ranar 24 ga Satumba a wasan Seattle da Green Bay, jifan ƙarshe, mutum biyu suka rungume ƙwallo a gidan ƙarshe, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, alƙalai biyu suna tsaye gefe da gefe, ɗaya ya ɗaga hannu biyu alamar an ci, ɗayan yana kaɗa hannu alamar a tsaida agogo. Aka ba Seattle 14 da 12. Kwana biyu bayan nan aka sasanta aka dawo da na ainihi, mutanen da ake zagi kullum sai gashi 'yan kallo na musu tafi.

Yanzu batun Chiefs. Na gane daga ina zargin ya fito. A Super Bowl na Fabrairun 2023, 35 da 35 saura ƙasa da minti biyu, aka hura wa James Bradberry na Philadelphia Eagles riƙo, wanda ya ba Chiefs damar cinye lokaci su buga su ci 38 da 35. Mutane suka yi ta ihu wai ba'a hura irin wannan a irin wannan lokacin, alhali shi Bradberry da bakinsa yace ya ja rigar, yana dai fatan za'a ƙyale. Toh kaga nan gardamar ta koma wani abu daban, shin doka tana canzawa ne in wasa ya zo ƙarshe? Mutanen da suka zagi alƙalan New Orleans dan sun haɗiye usur sune suka zagi waɗannan dan basu haɗiye ba. Sai na Janairun 2025 da Buffalo Bills, Josh Allen na Bills ya kutsa yana neman yadi ɗaya da ya rage su cika goman da ake buƙata dan su ci gaba da riƙe ƙwallo, alƙalai biyu suka taho daga gefe biyu kamar kowa da inda ya ga ƙwallon ta tsaya, aka ce bai kai ba, bidiyo bai nuna abinda zai sa a juya ba saboda ƙwallon na cikin tarin jikkuna, Chiefs suka ci 32 da 29. Ni kaina ina ganin kamar ya kai, amma kamar ba hujja bace.

Sai dai ka tambayi mai cewa an rubuta wasan tun farko, ya akayi a Disambar 2023 aka soke wa Chiefs ci mai kyau saura ƙasa da minti biyu da Bills ɗin dai, saboda ƙafar ɗan wasansu Kadarius Toney ta wuce layi, har mai jefa ƙwallonsu Patrick Mahomes ya fusata yana ta masifa a bakin fili aka ci shi tarar dala 50,000, kocinsa Andy Reid dala 100,000? Ya akayi Tampa Bay suka lallasa su 31 da 9 a Super Bowl na 2021 ana ta musu ruwan ƙyalle, Eagles kuma suka rama da 40 da 22 a 2025? Ƙungiyoyi 32 ne, kusan kowacce da attajirin da ya mallake ta, kuma su suka ɗauki kwamishina, wato shugaban hukumar, aiki su ke biyansa, wane ne cikinsu zai yarda a riƙa kayar da tasa dan a ɗaga ta Kansas City wacce ko cikin manyan biranen kasuwa bata ciki? Kafin Chiefs haka aka yi ta faɗa akan Patriots shekara kusan ashirin. Abinda na yarda dashi shine dokokin yanzu an gina su ne dan kare kwatabak, shi mai jefa ƙwallon, saboda shine jarin, kuma Mahomes ya ƙware wajen cin moriyar haka, zai yi kamar zai fita layi ya ɗan ja jiki, ko ya zame a makare mai tsaro ya riga ya taho ba birki, a samu yadi 15 a ɓagas. Wayo ne mai ban haushi, kuma ina ganin suna da girma kan sa alƙali ya fi saurin jefa ƙyalle, ɗan adam ne, amma tsakanin wannan da ace an zauna an tsara sakamako akwai tafiya mai nisa.

Mu dawo kan rashin ɗa'a. Na cikin fili ma da sauƙi, domin kowa ya gani. Nuwambar 2019, Cleveland Browns na cin Pittsburgh Steelers 21 da 7, saura daƙiƙa 8 a tashi, wasan da an riga an gama, Myles Garrett na Browns da Mason Rudolph na Steelers suka kaure a ƙasa, Garrett ya fizge hular kwanon Rudolph ya ɗaga ta ya maka masa a tsakar kai ba komai a kan. Allah ne ya kiyaye gefen mai laushi ne ya same shi. Aka dakatar da Garrett sai baba ta gani, ya rasa wasanni 6 da suka rage, a Fabrairu aka maido shi. Yace Rudolph ya masa zagin launin fata ne, Rudolph ya musanta, hukumar tace bata samu shaida ba, kuma har yau magoya bayan ɓangarorin kowa na kan bakansa. Bayan 'yan watanni Browns suka ba Garrett kwantiragin dala miliyan 125. Vontaze Burfict kuwa tarihinsa ne ya ci shi, ya sha tara da dakatarwa akan dukan kai, ciki har da wanda ya yi wa Antonio Brown a Janairun 2016, da ya sake a 2019 aka ce ya tafi gida sauran kakar, wasanni 12. Irin wannan hukuncin ina iya bin lissafinsa, an duba muni an duba maimaici, kuma tsofaffin 'yan wasa ne da hukumar da ƙungiyar 'yan wasa suka amince dasu tare ke sauraren ɗaukaka ƙara.

Inda lissafi ya ɓace shine laifin waje, kuma anan nake tare da masu zagi ɗari bisa ɗari. Alƙalin fili ƙiftawar ido yake da ita, ofishin Roger Goodell, wanda ke kujerar kwamishina tun 2006, yana da watanni da lauyoyi da tsofaffin jami'an tsaro masu bincike, amma duba abinda suke fitarwa. Ray Rice na Baltimore Ravens ya doki matar da zai aura a cikin lif na wani gidan caca a Atlantic City a Fabrairun 2014, tun lokacin akwai bidiyon da ya nuna yana jan ta daga lif ɗin a sume, a Yuli aka ce wasa 2. A Satumba kafar labarai ta TMZ suka saki bidiyon cikin lif ɗin, duniya ta ga naushin, ranar Ravens suka sallame shi hukumar tace dakatarwa ba iyaka. Me ya canza tsakanin Yuli da Satumba? Laifin dai shine, mutane ne kawai suka gani da idonsu. Tsohuwar alƙaliyar da ta saurari ƙararsa ma ta soke hukuncin na biyu saboda ba'a hukunta mutum sau biyu akan abu ɗaya alhali bai ɓoye musu komai ba, duk da dai ba ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Surutun da wasa 2 ɗin nan ya jawo ne ya sa a Agustan 2014 aka ce daga yanzu dukan iyali wasa 6 ne mafari.

Ka ajiye wannan wasa 2 ɗin a gefe, ka ɗauko Tom Brady da aka ba wasa 4 akan zargin rage iskar ƙwallo a wasan da suka ci Indianapolis Colts 45 da 7 a Janairun 2015, rahoton binciken ma cewa yayi ya fi yiwuwa ya san da maganar, ba'a ce an tabbatar ba, aka ci Patriots dala miliyan 1 aka ƙwace musu zaɓen sabbin 'yan wasa biyu, aka yi ta shari'a har 2016 kafin ya yi zaman. Sai Calvin Ridley da ya yi cacar wasanni lokacin baya ma bugawa, shi yace dala 1,500 ce, aka kore shi kakar 2022 gaba ɗaya. A wannan shekarar dai Deshaun Watson, wanda mata sama da 20 masu aikin tausa suka kai ƙara akan cin zarafi, shi ya musanta kuma ba'a gurfanar dashi a kotun laifi ba, tsohuwar alƙaliya Sue Robinson ta bashi wasa 6 tana mai cewa hukuncin da hukumar ta saba yankewa a baya ne ya ɗaure mata hannu, jama'a suka yi caa, hukumar ta ɗaukaka ƙara, aka daidaita akan wasa 11 da tarar dala miliyan 5, mutumin da Browns suka ba dala miliyan 230 tabbatattu. In ka jera su zaka ga ma'aunin ba girman cutar da aka yi wa wani bane, abinda ake aunawa shine me zai taɓa kasuwar, da kuma ko akwai bidiyo.

Su ma magoya bayan ba kanwar lasa bane fa, laifi tudu ne. Wanda ke kiran a kori ɗan wasan wata ƙungiya har abada, ranar da nasu ya yi sai kaji yana cewa a bari kotu ta yi aikinta. Michael Vick ya yi zaman gidan yari akan haɗa karnuka faɗa, ya fito Eagles suka ɗauke shi a 2009 ana ta zanga zanga, da ya fara zuba wasa a 2010 surutun ya ragu sosai a Philadelphia. Rice kuwa lokacin da abinsa ya faru ƙarfinsa ya riga ya fara ja baya, kuma ina da yaƙinin wannan ya taka rawa wajen rufe masa ƙofa fiye da tsoron Allah na masu ƙungiyoyin.

Hukuncin Ridley shi kaɗai nake iya kare musu, domin in aka fara shakkar 'yan wasa na caca akan wasanninsu to komai ya rushe. Amma nan ma hukumar ce ta jawo wa kanta. Tun da kotun ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni a 2018, NFL da a da ko sunan Las Vegas bata son ji ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca, tallansu na fita a tsakiyar wasa, Raiders suka koma Las Vegas a 2020, aka buga Super Bowl a can a 2024. Toh mutumin da ya zuba kuɗinsa akan wasa, ƙyalle ɗaya ya cinye masa su a minti na ƙarshe, kaje ka gaya masa kuskuren ɗan adam ne ka gani ko zai saurare ka. Inaga kaso mai yawa na ihun magudin da kake gani yanzu daga nan yake fitowa, ba wai alƙalan sun fi na da lalacewa bane, kyamarori ne suka ƙaru da masu asara.

A kakar 2025 sun kawo na'urar Hawk-Eye dan auna ko an cika yadi goma maimakon sarƙar nan da ake shigowa da ita fili, mutane suka ɗauka an magance irin matsalar Josh Allen, alhali na'urar tana auna ne daga inda aka ajiye ƙwallon, kuma wanda ke ajiye ta har yanzu alƙalin gefe ne da ya taho da gudu yana ƙiyasta inda gwiwa ta taɓa ƙasa a cikin tarin mutum goma.